Mahaɗa a Lissafin Sama da Ƙasa: Abin da Ɗan Kasuwar Ajingi Ya Riga Ɗalibi Sani

Akwai wata tambaya da ke yawan fitowa a takardun lissafi na WAEC da NECO da JAMB. Za a ba ɗalibi aljabara mai hawa biyu, wani abu a sama, wani a ƙasa, da layi a tsakaninsu, sai a ce ya faɗi lambar da in aka sa ta a gurbin x amsa za ta zama sifili, ko kuma lambar da in aka sa ta lissafin zai ƙi yiwuwa. Masu ɗaukar darasin lissafi mai zurfi kuwa ana ƙara musu da zana giraf, a ce su nuna inda zanen ya haɗu da layin kwance da inda ya haɗu da layin tsaye. Wannan lissafi shi ne littattafan makaranta ke kira rashinal fankishin. A nan za mu kira shi lissafin sama da ƙasa, wuraren haɗuwar kuma mu kira su mahaɗa.

Ɗalibin Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule da ke Gaya zai gamu da wannan tambaya, haka ma takwaransa da ke sakandaren je-ka-ka-dawo a ƙasar Ajingi. Wanda Allah ya kai shi Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil zai sake tarar da ita tana jiransa a ajin farko. Galibi jimla biyu ake haddacewa: in mahaɗar layin kwance kake nema, ka mai da na sama sifili, in ta layin tsaye ce, ka sa sifili a gurbin x. Jimlolin ba su yi ƙarya ba, sai dai sun yi shiru a kan na ƙasa, kuma ta nan ne maki ke zubewa. Lambar da ɗalibi ya samo ba ta zama mahaɗa ba sai ta tsallake tambaya biyu: shin na ƙasa ya yarda da ita? Shin kuma tana da ma'ana a al'amarin da ake yi wa lissafin?

Layi biyu, tambaya biyu

Tun 1637, lokacin da Rene Dekat, masanin nan ɗan Faransa, ya fitar da littafinsa da ya haɗa aljabara da ilimin siffofi, hanya ta buɗe ta mai da lissafi zane. Ana ja layi biyu su gicciya. Na kwance yana ɗauke da x, wato abin da ka zuba a cikin lissafin. Na tsaye yana ɗauke da y, wato abin da ya fito. Inda suka gicciya nan ne sifili. Dama da sama lambobi ne na ƙari, hagu da ƙasa kuma na ragi.

Duk ɗigon da ya zauna a kan layin kwance bai hau sama ba bai sauka ƙasa ba, don haka y ɗinsa sifili ne. Duk wanda ya zauna a kan layin tsaye bai karkata dama ko hagu ba, don haka x ɗinsa sifili ne. Daga nan dokokin biyu suka fito. Mahaɗar layin kwance tana amsa tambayar: me zan zuba in tashi da babu? Mahaɗar layin tsaye kuma tana amsa: in ban zuba komai ba, da me zan tashi?

Wannan ya bayyana wani abu da ɗalibai kan haddace ba tare da sanin dalili ba. Mahaɗar layin tsaye ba ta wuce ɗaya, domin sifili ɗaya ne, kuma lissafin ba ya ba da amsa biyu ga lamba ɗaya. Ta layin kwance kuwa tana iya zama ɗaya, ko biyu, ko fiye, ko ma babu ita sam, domin hanyoyin tashi da babu suna iya yawa. Iyakarta dai ba za ta ɗara ƙarfin x mafi girma da ke sama ba: in x² ne a sama, mahaɗa ba za ta wuce biyu ba.

Buhu ashirin

Mu ɗauki mai sayen gyaɗa a ƙauyukan Ajingi, irin su Toranke da Balare da Kunkurawa, yana kaiwa kasuwar Dawanau a Kano. Lambobin da za mu sa na misali ne. A ce ya ɗauki shatar mota a kan naira 60,000, ko an cika ta ko ba a cika ba kuɗin ke nan. A ce kuma bayan ya fitar da kuɗin saye da na 'yan dako da la'adar dillali, kowane buhu yana bar masa naira 3,000. In ya loda buhu x, ribarsa a kan kowane buhu ita ce:

y = (3,000x − 60,000) / x

Da buhu 10, sama ya ba da ragin 30,000, a raba da 10, kowane buhu ya jawo faɗuwar naira 3,000. Da buhu 30, kowane buhu ya kawo 1,000. Da 60, ya kawo 2,000. Tsakanin faɗuwa da riba akwai wurin da ba a ci ba ba a sha ba. Don gano shi sai a mai da na sama sifili: 3,000x = 60,000, wato x = 20. A duba na ƙasa: 20 ne, ba sifili ba, don haka an wuce lafiya. Zanen ya ratsa layin kwance a kan 20.

Babu ɗan kasuwar da zai ɗauki shata bai yi wannan lissafin a ka ba. Zai ce, "Sai na loda ashirin kafin mota ta biya kanta." Mahaɗar layin kwance ya faɗa, ko da bai taɓa riƙe takardar giraf ba. Ya kuma san dalilin da ya sa na sama ake dubawa: in jimlar riba sifili ce, ko buhu nawa ka raba mata, sifili kowane zai samu. Yawan masu rabo ba ya mai da babu ta zama akwai, kuma ba ya mai da akwai ta zama babu.

To ina mahaɗar layin tsaye? A sa sifili a gurbin x: sama ya ba da ragin 60,000, ƙasa ya ba da sifili. Tambayar ta zama: in ka yi shatar mota ba ka loda ko buhu ɗaya ba, nawa ka faɗi a kan kowane buhu? Ɗan kasuwa dariya zai yi, ya ce, "Wane buhun?" Amsar lissafi ma ke nan. Wannan zane ba ya taɓa layin tsaye. Da buhu ɗaya faɗuwar 57,000 ce, kuma yadda x ke ƙara matsowa kusa da sifili haka zanen ke ƙara nutsewa ƙasa ba tare da ya kai ga layin ba. Ta ɗaya gefen kuma, komai yawan lodi, ribar buhu ba za ta cika 3,000 ba: da buhu 100 tana 2,400, tana ta matsowa amma kuɗin mota na nan yana gutsurar wani abu.

Me ya hana rabawa da sifili?

Yara da yawa sun ɗauka hani ne kawai na malamai. Dalilin kuwa a fili yake. Muna cewa 12 a raba da 3 ya ba da 4 saboda 4 sau 3 ya mai da mu 12. In muka ce 12 a raba da sifili ya ba da wata lamba, dole wannan lamba sau sifili ta mai da mu 12, alhali duk abin da aka ninka da sifili sifili yake bayarwa. Babu irin wannan lamba. In kuma sifili aka raba da sifili, matsalar ta juye: 5 sau sifili sifili ne, 100 sau sifili ma sifili ne, kowace lamba ta dace, don haka babu wadda za a nuna a ce ita ce amsa.

Wannan na biyun ya taɓa ruɗa manya. Barahmagufta, masanin Indiya da ya tsara dokokin aiki da sifili a shekarar 628, ya ɗauka sifili bisa sifili sifili ne, sai daga baya masana suka ture wannan ra'ayi. Ɗalibin da ya faɗa wannan rami yau bai yi abin kunya ba, amma mai duba takarda ba zai ba shi maki ba.

Abin da ya biyo baya shi ne, a lissafin sama da ƙasa, na sama mai neman aure ne, na ƙasa kuma waliyyi. Na sama yana iya nuna lambar da yake so, amma in ta mai da na ƙasa sifili, waliyyi bai bayar ba, magana ta mutu.

Lokacin da ragi ke da ma'ana

Ga misali na biyu, inda mahaɗa biyun duk suka samu. Wani mai ajiyar hatsi a Gaya ya sayi gero buhu 10 da kaka a kan naira dubu 30 kowane, jimla dubu 300. Da bazara farashi ya kai dubu 50. In ya ƙaro buhu x a sabon farashi, kowane buhun da ke rumbunsa ya tsaya masa a kan:

y = (50x + 300) / (x + 10)

Amsar tana fitowa a dubbai. A sa sifili a gurbin x: 300 bisa 10, wato 30. Na ƙasa 10 ne, babu matsala. Zanen ya haɗu da layin tsaye a kan 30, kuma ma'anar a bayyane take: in bai ƙaro komai ba, buhunsa na nan a farashin kaka. In ya ƙaro 10 ya koma 40, in ya ƙaro 40 ya koma 46, ba zai dai kai 50 ba muddin geron kaka na cikin lissafin.

Mahaɗar layin kwance fa? 50x + 300 = 0 ya ba da x = −6. Na ƙasa ya zama 4, don haka ta halatta. A nan ne wasu za su yi saurin cewa babu wanda ke sayen ragin buhu shida. Amma kishiyar saye ai sayarwa ce. In mutumin ya sayar da buhu 6 a kan dubu 50, ya karɓi dubu 300, uwar kuɗinsa ta dawo cif. Buhu 4 da suka rage ba su tsaya masa a kan ko kwabo ba. Da bakinsu 'yan kasuwa ke faɗin haka: "Na fitar da kuɗina, saura riba ce." Ita kuwa x = −10, wadda ke mai da na ƙasa sifili, ma'anarta ya sayar da duka goman, rumbu ya zama fayau, babu buhun da za a tambayi farashinsa.

Darasin da ke nan shi ne kada a yar da lamba don kawai tana hagu da sifili. A tambaye ta ma'anarta tukuna.

Gurbi da katanga

Yanzu ga irin wadda masu shirya jarrabawa ke ɗana wa ɗalibi:

y = (x² − x − 6) / (x² − 9)

Mai gaggawa zai warware na sama zuwa gaɓoɓinsa, (x − 3)(x + 2), ya rubuta cewa mahaɗa biyu ne, 3 da −2, ya wuce. Da ya warware na ƙasa da ya ga (x − 3)(x + 3), wato lambobin da aka hana su ne 3 da −3. Ga 3 ta fito a jerin biyun. In aka sa ta, sifili bisa sifili ake samu. Saboda haka mahaɗar layin kwance ɗaya ce tak: x = −2. Ta layin tsaye kuwa −6 bisa −9 ce, wato biyu bisa uku.

Lambobin nan biyu da aka hana ba halinsu ɗaya ba, kuma kalkuleta na iya nuna haka cikin minti biyu. A matso kusa da −3: a −2.9 amsa −9 ce, a −2.99 ta zama −99, in kuma aka tsallaka zuwa −3.1 sai ta yi tsalle ta koma 11. Zanen yana nutsewa ta gefe ɗaya, yana cillawa sama ta ɗaya gefen, ba ya ratsawa. Wannan ita ce katanga, wadda littattafai ke kira asimtot. A matso kuma kusa da 3: a 2.9 amsa kusan 0.831 ce, a 3.1 kusan 0.836. Babu tsalle, babu nutsewa. Zanen yana tafiya sumul zuwa biyar bisa shida, sai dai ɗigo ɗaya ne babu a daidai kan 3. Wannan shi ne gurbi, kuma da ɗan ƙaramin da'ira marar ciko ake nuna shi. Tsayinsa biyar bisa shida ne daga layin kwance, ko kusa da mahaɗa bai zo ba.

Wani zai ce maganin abin shi ne a soke gaɓar da ta maimaitu sama da ƙasa kafin a nemi mahaɗa. Sau da yawa hakan na fisshe ka, amma ba kullum ba. A duba y = (x − 1)² / (x − 1). In aka soke, x − 1 ya rage, wanda ke zama sifili a kan 1. Sai dai tun asali 1 tana cikin waɗanda aka hana, sokewa kuma ba ta ɗage hani. Gurbin ya faɗo a kan layin kwance daidai inda mahaɗa za ta kasance, don haka wannan zane ba shi da mahaɗar kwance. Ta tsaye kaɗai gare shi, a kan −1. Abin da ya fi tsaro shi ne a rubuta lambobin da aka hana a gefen takarda tun kafin a soke komai.

Wasu tarkuna uku

Na farko: wani lokaci babu mahaɗar kwance, kuma faɗin haka shi ne amsa. A ce famfon tuƙa-tuƙa ya lalace a wata unguwa a Kademi, gyara zai ci naira 120,000, za a yi karo-karo tsakanin gidaje x. Kason kowane gida 120,000 bisa x ne. Na sama ba shi da x, ba ya canzawa, ba zai taɓa zama sifili ba. Ko gida dubu aka tara, kowa sai ya ba da naira 120. Haka ma (x² + 4) / (x − 1): x sau x ba ya sauka ƙasa da sifili, in an ƙara masa 4 ba zai taɓa komawa babu ba. Ɗalibin da aka saba masa cewa kowace tambaya sai ta haifi lamba yakan ƙirƙiro 2 ko −2 don kada ya bar fili, ya yi asarar makin da yake hannunsa.

Na biyu: lissafin da bai zo a dunƙule ba, kamar y = 3 − 6/(x + 1). Ɗalibi ya hango 6 a sama, ya ce ba ta zama sifili, ya yanke cewa babu mahaɗa. Ya manta da 3 da ke tsaye a gefe. Dokar duba na sama tana aiki ne bayan an tattara komai a kan layi ɗaya. In an tattara, (3x − 3) / (x + 1) ake samu, mahaɗar kwance tana kan 1, ta tsaye tana kan −3. Lissafin mai gyaɗa ma ana iya rubuta shi haka, 3,000 − 60,000/x, kuma buhu 20 ɗin ba su gushe ba.

Na uku: haɗuwa daban, ratsawa daban. A y = (x − 2)² / (x + 1), mahaɗa tana kan 2. A 1 amsa rabi ce, a 3 rubu'i ce, duk a sama da sifili. Zanen ya sauko ya taɓa layin ya koma sama. Duk gaɓar da ta maimaitu sau biyu ko huɗu haka take yi. Wadda ta zo sau ɗaya ko uku ita ke ratsawa. Wanda zai zana giraf yana bukatar wannan, haka ma wanda aka tambaye shi a ina amsa take ƙari, a ina take ragi.

Inda lissafi ya ba da amsa, shari'a ta ba da wata

Tambaya ta biyu da muka ambata tun farko, ta ma'ana, babu inda ta fi fitowa sarai kamar rabon gado. Dangantakar aljabara da gado tsohuwa ce. Littafin da Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wanda daga sunansa fannin ya samo suna, kaso mai tsoka daga cikinsa a kan wasiyya da rabon dukiyar mamaci yake. Malaman zaure a Gaya da kewaye da ke karantar da babin fara'il na Risala suna aiki da sama da ƙasa kullum, kuma sun san nauyin na ƙasa. In mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu, miji na da rabi, su kuma biyu bisa uku, an tara ya zama bakwai bisa shida, ya fi dukiyar. Sai a ɗaga asalin mas'alar daga shida zuwa bakwai, miji ya karɓi uku bisa bakwai, su huɗu bisa bakwai. Wannan shi ne auli, kuma na ƙasa aka taɓa.

To a ce mutum ya rasu ya bar 'ya'ya mata uku da 'ya'ya maza x, babu mata, babu iyaye. Namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, don haka kason kowace 'ya shi ne 1 / (2x + 3). Da ɗa ɗaya, kowace tana da ɗaya bisa biyar. Da biyu, ɗaya bisa bakwai. A sa sifili a gurbin x: ɗaya bisa uku. Na ƙasa 3 ne, aljabara ba ta ga laifin komai ba, ta ce ga mahaɗar layin tsaye. Amma duk almajirin da ya yi fara'il zai ce a'a. In babu ɗa namiji, 'ya'ya mata biyu ko fiye biyu bisa uku suke tarayya a kai, wato kowace cikin ukun tana da biyu bisa tara a matsayin farali, ragowar kuma ta tafi ga asaba, kamar 'yan'uwan mamacin maza. Lissafin da muka rubuta daga ɗa ɗaya ya fara aiki. A kan sifili wani hukunci ne ke mulki.

Babu kuskure a aljabarar. An dai kai ta wajen iyakar da aka gina ta dominta. Mai gero ya nuna mana lambar da ake zaton ba ta da ma'ana alhali tana da ita; gado ya nuna mana wadda lissafi ya halatta amma al'amarin bai karɓe ta ba. Ɗalibin da ya riƙe biyun ya wuce matakin haddar doka.

A ɗakin gwaje-gwaje

Ɗaliban kimiyya za su sake gamuwa da wannan a darasin fiziks. In aka haɗa rezisto mai om 6 kafaɗa da kafaɗa da wani mai om x, jimlar turjiyarsu ga wuta ita ce 6x / (x + 6). Da x = 6 ana samun 3, da 12 ana samun 4, ba a taɓa kaiwa 6. Mahaɗa biyun sun haɗe wuri ɗaya, a kan sifili: in x babu, amsa babu. Ma'anarta ita ce, in aka gitta waya tsirara a kan rezisto, wuta za ta bi ta wayar ba abin da ya tare ta. Masu haɗa sola da masu gyaran wayarin sun san sunan wannan, shot, sun kuma san warin da ke biyo bayansa.

Gilashin da ke tattara haske ma haka yake. In tazarar tattarawarsa santimita 10 ce, aka ajiye abu a nisan x, hotonsa zai faɗo a nisan 10x / (x − 10). A 20 hoton yana 20, a 11 ya gudu zuwa 110, a 10 kuwa na ƙasa ya zama sifili, hasken ya fita a miƙe bai tattaru ko'ina ba. Katangar da ke takarda ita ce abin da ido ke gani a kan tebur.

Tsarin aiki, da abin da ya rage ga malamai

In aka tattara, matakan biyar ne, kuma jerinsu na da muhimmanci. A dunƙule lissafin ya zama sama ɗaya da ƙasa ɗaya. A warware na ƙasa, a rubuta lambobin da aka hana. Sannan a warware na sama, a fitar da lambobin da ke mai da shi sifili, a cire duk wadda ke cikin jerin hani. Abin da ya rage su ne mahaɗar kwance. A duba ko sifili na cikin jerin hani. In ba ya ciki a sa shi a samo mahaɗar tsaye. Daga ƙarshe, in tambayar ta buhu ce ko ta gida ko ta magada, a auna amsar da al'amarin. Bambancin wannan da abin da aka saba haddacewa ɗaya ne: na ƙasa ya riga na sama.

Wayar hannu ta kawo sauƙi. Manhajoji irin su GeoGebra da Desmos suna zana giraf nan take, kuma malamin da ke da waya ɗaya zai iya zagayawa da ita aji ya nuna katanga. Sai dai sau da yawa allon ba ya nuna gurbi, domin ɗigo ɗaya ba shi da faɗin da ido zai kama. Wanda ya dogara da zanen kaɗai zai rantse cewa (x − 1)² / (x − 1) ya ratsa layi a kan 1. Ga shi kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma gina azuzuwa da ɗaukar malaman lissafi abubuwa ne da sai da kuɗi. Wannan gyara da muke magana a kai bai bukatar kasafi. Yaron da ya taso a Gamarya ko Gurduba ya san shata, ya san karo-karo, ya ji ana rabon gado a zaure. In malami ya fara da buhu 20 kafin ya rubuta x² a allo, ya kuma bar yara su faɗi da Hausa abin da kowace mahaɗa ke nufi kafin su rubuta da Turanci, zai yi wuya su manta da na ƙasa, domin sun riga sun ji yadda tambayar "nawa a kan kowane buhu" ke zama shirme in babu buhun.

Mai son ya gwada kansa, ga ɗaya: y = (x² − 4x) / (x² − 16). In ya bi matakan, zai fara da rubuta 4 da −4 a gefe. Na sama zai miƙo masa 0 da 4, sai ya karɓi 0 ya mai da 4. Zanen ya bi ta tsakiyar giciye, yana da katanga a kan −4, da gurbi a kan 4 mai tsayin rabi. Wanda ya rubuta mahaɗa biyu, ya koma mataki na biyu.